'YAN FURI: MUTANEN DA KE ZAƁA WA KANSU SURAR DABBA

Akwai wata jama'a a Amurka da ƙasashen Turai wadda ya kamata malamai su ji labarinta, ko da yake da farko mai karatu zai zaci wasan yara ne. Yawancinsu samari ne da 'yan mata baligai, a cikinsu akwai ɗalibai da masu zane da masu aikin kwamfuta, har da likitoci. Kowannensu ya zaɓa wa kansa wata dabba, ya raɗa mata suna, ya sa an zana ta tsaye bisa ƙafa biyu da tufafi kamar mutum, sa'an nan ya ce wa abokansa da wannan sura yake so su san shi. Suna kiran kansu 'yan furi, daga kalmar Turanci mai nufin gashin jikin dabba. Ita kuwa dabbar suna ce mata fasona, watau sun haɗa kalmar gashin nan da wata tsohuwar kalmar Latin wadda asalinta fuskar aro ce da 'yan wasan kwaikwayo na Rum ke ɗaurawa. Mu a nan za mu riƙa ce mata dabbar hali, domin hali ne suke nufin ta nuna.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan magana shi ne, mu da aikinmu ya zama zagaya makarantu, mun daɗe da sanin babu abin da ke wahal da malami kamar yaron da ba ya magana. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ga mutane sun ce tasu fuskar ta kasa ba da labarin, sai da suka ari ta dabba. Lalle wannan abin a tsaya a duba ne.

Asalin Abin

Sa dabba ta yi magana tsohon abu ne ƙwarai. A shekarar 1939 aka tono gutsattsarin wani gunki na hauren giwar zamanin da a wani kogo a Jamus, jikinsa na mutum, kansa na zaki, masana kuwa suna ƙiyasta ya kai shekara 40,000. Labarun Kalila da Dimna, waɗanda aka mayar Larabci a ƙarni na 8, dila biyu ne ke zance a fadar zaki. Mu ma ba baƙi ba ne a nan, don kuwa da Gizo da Ƙoƙi da kura aka raine mu, kuma aku ne ya zama Waziri a littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam.

Amma ita wannan jama'a ta 'yan furi sabuwa ce. Ta tsiro ne daga masu sha'awar littattafan zane da fina-finan zane, irin su Robin Hood na kamfanin Disney na 1973, inda yanyawa ce jarumin labarin. A 1980, a wani taron masu karanta ƙagaggun labarun kimiyya a birnin Boston, wani mai zane mai suna Steve Gallacci ya baje hoton wata kyanwa cikin kayan soja. Mutane suka taru a kai suna muhawara, suna cewa ashe ana iya ba da labari mai nauyi na manya da dabbobi. Daga nan suka riƙa keɓe ɗaki a irin waɗannan tarurruka suna hira. A Janairun 1989 suka yi taron kansu na farko a garin Kosta Mesa ta jihar Kalifoniya, mutum 65 suka halarta. Fred Patten, wanda ya rasu a 2018, yana cikin na farkon nan, shi ne kuma ya rubuta tarihin tarurrukansu.

Intanet ce ta yaɗa su. A 1990 aka buɗe wani wasa na rubutu mai suna FurryMUCK, inda mutum zai shiga ya rubuta siffar dabbarsa, ya yi hira da sauran da sunanta. A nan ne al'adar kowa da dabbarsa ta kafu sosai. A 1995 mutum 19 suka fara taron Turai a Jamus. Taron Anthrocon kuwa, wanda aka fara a 1997 a jihar Niyok, ya koma birnin Fitsbag a 2006, kuma a 2024 mutum fiye da 17,000 suka zo.

Yadda Ake Zaɓen Dabba

Ba wanda ke naɗa wa mutum dabbarsa, ba kuma rajista. Mutum zai zauna ya yi nazarin kansa, ya zaɓi iri, ya zaɓi launi, ya zaɓi suna. Waɗanda aka fi zaɓa su ne kyarkeci da yanyawa da kare da dangin kyanwa, kamar zaki da damisa, sai kuma macijin nan mai fiffike mai aman wuta na tatsuniyoyin Turai. Da yawa kuma sukan gauraya biyu, rabi wannan rabi wancan. Launi bai zama dole ya bi na daji ba, ana samun kare shuɗi da zomo kore. In ya gama, sai ya biya mai zane ya yi masa takardar siffa, a zana dabbar ta gaba da ta baya, a rubuta halayenta. A wurin taro yakan rataya ƙaramin hotonta a wuya, kuma da sunan da ke jikin hoton za a kira shi. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna abota, amma sunan yanka bai taɓa shiga tsakaninsu ba.

A nan akwai abin lura. Halin da ake jingina wa dabba, mutane ne suka ɗora mata, kowace ƙasa kuwa da nata. Bature yana ganin mujiya alamar hikima, mu kuwa ba ma son jin kukanta a kan soro. Kare a wurinsa amini ne mai riƙon amana, a wurinmu kuwa in aka ce wa mutum kare an zage shi. Saboda haka in Ba'amurke ya ce shi kare ne, yana nufin shi mai son mutane ne mai fara'a, kuma mai karatu ya fahimce shi da ma'aunin garinsu.

Har ila yau akwai bambanci da abin da muka saba. A wurinmu maroƙi ne ke ce wa sarki giwa ko zaki, jama'a ce ke yi wa ɗan dambe kirari da bajimin sa bayan sun ga abin da hannunsa ya yi. Sunan daga waje yake zuwa, a bisa abin da aka gani. Shi kuwa ɗan furi da kansa yake zaɓa, sau da yawa ma a bisa abin da ba a gani a jikinsa ba tukuna.

Abin Da Masu Bincike Suka Gano

A 2008 wata malamar ilmin halayyar ɗan Adam mai suna Kathleen Gerbasi ta buga binciken da ta yi a taron Anthrocon. Daga baya ita da Courtney Plante da Stephen Reysen da Sharon Roberts, malaman jami'o'in Amurka da Kanada, suka haɗu suka yi ta yi wa dubban 'yan furi tambayoyi shekara da shekaru. Abu uku daga cikin abin da suka samu sun fi shafarmu.

Na farko, mafi yawansu sun san sarai su mutane ne, ba sa da'awar sun rikiɗa. Kama da wane ba ta wane. Na biyu, yawancinsu sun ce dabbar ta yi kama da su, amma ta fi su sakin jiki da ƙarfin zuciya da iya shiga mutane, watau ita ce mutumin da suke fatan zama. Na uku, da aka gwada su da waɗansu jama'a, an ga sun fi ba da labarin tsangwama da cin zali da suka sha a makaranta suna yara. In aka jera ukun nan, hoton ya fito: yaro mai kunya wanda aka takura, ya girma ya sami wata hanya ta gwada halin da ya kasa nunawa da fuskarsa.

Shin aron sura yana canja mutum kuwa? A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Sitanfod suka gwada. Suka ba mutane surar aro a cikin kwamfuta, waɗansu doguwa, waɗansu gajeruwa, suka sa su rabon kuɗi. Masu doguwar sura suka fi tsayawa kan bakansu wajen ciniki. Waɗanda aka ba kyakkyawar sura kuwa suka fi matsawa kusa da baƙo, suka fi sakin baki. Kowane malamin da ya taɓa shirya wasan kwaikwayo ya ga irin wannan da idonsa. A naɗa wa yaron da ba ya iya ɗaga hannu a aji rawani a ce shi ne sarki, sai a ji muryar da ba a san yana da ita ba.

Rigar Gashi

Abin da 'yan jarida suka fi ɗauka hoto shi ne rigar gashi, wadda ke rufe mutum daga kai har ƙafa. Amma masu ita 'yan kaɗan ne a cikinsu, domin da hannu ake ɗinka ta bisa awon mai ita, kuɗinta yakan kai dala dubbai, kuma akan jira watanni kafin a gama. Waɗansu kai da hannuwa da wutsiya kawai suke saya. Zafi ne a cikinta ƙwarai, gani kuma ta 'yar raga ne, har akan haɗa mutum da ɗan jagora, a wurin taro kuma akan keɓe ɗaki mai fanka da ruwan sha inda za a tuɓe kai a huta. Da yawa ba sa magana in suna ciki, sai nuni da hannu da kaɗa kai. Maharbinmu yakan ɗaura kan burtu ya sunkuya don namun daji su kasa gane shi. Su kuwa waɗannan cewa suke sai sun rufe fuska mutane ke ganinsu yadda suke.

Zargi Da Jita-jita

Sun sha zargi. Wata mujallar Amurka a 2001, da wani wasan talabijin na 'yan sanda a 2003, sun nuna su tamkar taron masha'a ne kawai, wannan tabo kuwa ya daɗe a jikinsu. Gaskiyar magana, akwai zane-zanen batsa a cikin abin da waɗansunsu ke yi, kuma masu shirya tarurrukan da kansu sukan killace irin wannan su hana yara shiga. Duk uban da ɗansa ke yawo a intanet ya kamata ya san haka. Amma ba shi ne dukan labarin ba. Kowace shekara taron Fitsbag yana tara gudummawar dala dubbai don gidajen kula da dabbobi. A Maris 2016 kuma, aka yi dace taronsu na Bankuba ta Kanada ya faɗo a masauki ɗaya da 'yan gudun hijirar Siriya, aka ga yaran da suka tsere wa yaƙi suna rungumar masu rigar gashi suna dariya. An ma taɓa yi musu ɓarna: a Disamba 2014 aka watsa hodar kulorin a masaukin taronsu kusa da Shikago, mutum 19 suka tafi asibiti.

Wanda ya fi shafar malamai shi ne na 2021 da 2022. Labari ya bazu a Amurka wai makarantu suna ajiye kwanon yashi don yaran da suka ce su kyanwoyi ne su yi bayan gida a ciki. Iyaye suka fusata, 'yan siyasa suka ɗauka. Wani ɗan majalisar jihar Nebaraska ya faɗe shi a zauren majalisa a Maris 2022, kafin gari ya waye ya janye, don ya bincika ya tarar ba haka ba ne. 'Yan jarida suka bi makarantun da aka ambata, ba su sami ko ɗaya da ta yi hakan ba. Amma kafin nan an ɓata sunan malamai, an kuma ƙara wa yaran da ake tsangwama wata tsangwamar.

Abin Da Za Mu Ɗauka

Ba muna kiran kowa ya ɗinka wutsiya ba ne. Al'adar waɗansu ce, ta tsiro a ƙasarsu bisa dalilansu, tana kuma da aibinta. Wanda ya tara ƙarfin zuciyarsa duka a cikin riga, ran da ya tuɓe ya koma inda yake. Amfanin aron sura yana nan ne in abin da aka koya a cikinta ya biyo mutum gida da wurin aiki.

Abu biyu dai muke roƙon 'yan'uwa malamai. Na ɗaya, in labari mai ban al'ajabi ya iso game da wata makaranta ko waɗansu yara, a tambayi wanda ya gani da idonsa kafin a kai shi gaba, haka ma ma'aikacin ofis kafin ya sa shi a takarda. Na biyu, a gwada wannan a darasin insha'i: a ce kowane yaro ya rubuta dabbar da zai so ya zama, da dalilinsa. Kada a yi wa kowa dariya, kada a karanta na wani a gaban aji sai da yardarsa. A duba da kyau wanda ya zaɓi kunkuru don yana da inda zai ɓuya, da ƙaramin nan na kujerar baya da ya ce zaki. Sa'an nan in lokacin wasan kwaikwayo ya zo, malam ya tuna da abin da ya karanta tun kafin ya raba matsayi.