Thatcher: Sunan da haraji ya taimaka wajen kafawa, ya kuma kayar da mai ɗauke da shi

Idan aka ambaci sunan Thatcher, abin da ke zuwa zuciya shi ne Margaret Thatcher, mace ta farko da ta zama firaministar Birtaniya, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1990. Amma sunan ya girme ta da ɗaruruwan shekaru, kuma asalinsa sunan talaka ne mai cin abinci da guminsa.

Mene ne ma'anarsa?

Sunan ya samo tushe daga wata kalma ta tsohon Ingilishi mai nufin rufi. Thatcher shi ne mai baibaya, wanda ke hawa kan ɗaki ya rufe shi da karan alkama ko ciyawar fadama. A ƙauyukan Ingila na da, galibin gidaje rufin jinka gare su, don haka da wuya a rasa mai wannan sana'a a yanki. Saboda bambancin karin harshe, sunan ya fito da kamanni daban-daban, kamar Thacker da Thaxter. Danginsa su ne sauran sunayen sana'a: Smith maƙeri, Baker mai gasa burodi, Taylor tela.

Yadda laƙabi ya zama gado

Kafin Normandiyawa su ci Ingila da yaƙi a 1066, suna ɗaya ya ishi mutum. Iyayen ƙasa ne suka fara riƙe sunan iyali, domin ya tabbatar wa 'ya'yansu gadon filaye. Talakawa sun biyo baya sannu a hankali. Idan ƙauye na da John uku, sai a bambanta su da sana'a, ko mahaifi, ko wurin zama, ko wata siffa ta jiki.

Da farko laƙabin yakan mutu da mai shi. Abin da ya ɗaure shi ga zuriya shi ne rubutu: takardun kotu, da na hayar gona, da na haraji. Hukumar da ke son karɓar kuɗi dole ta san wane John ne ya biya, wane ne bai biya ba. Zuwa wajen shekarar 1400, yawancin iyalan Ingila suna da sunan da ake gada. A 1538 kuma aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Daga nan jikan mai baibaya ya ci gaba da amsa sunan Thatcher ko da bai taɓa hawa jinka ba.

Harajin kai da boren 1381

Yaƙi da Faransa ya cinye baitulmali, sai aka ɗora harajin kai har sau uku a tsakanin 1377 da 1381. Irinsa ne harajin da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke a 1979: kuɗi ne da ake ɗora wa kan mutum, ba kan dukiyarsa ba. A 1377 an nemi kwabo huɗu daga duk wanda ya kai shekara 14. A karo na uku kuɗin ya ninka sau uku. Takardun waɗannan haraji da suka tsira suna cikin manyan madogaran masu binciken sunaye a yau, domin sun adana sunayen talakawan da ba wanda zai damu ya rubuta su.

Tura ta kai bango a 1381. Manoma daga Kent da Essex suka ɗunguma zuwa Landan ƙarƙashin jagorancin Wat Tyler. Shi ma sunansa daga sana'ar rufi ya fito, domin Tyler na nufin mai rufi da fale-falen gasasshen yumɓu. An kashe shi a Smithfield ranar 15 ga Yuni, a gaban Sarki Richard na Biyu, wanda shekarunsa 14 a lokacin. An murƙushe boren, amma sarauta ta daɗe ba ta sake gwada irin wannan haraji ba.

Bayan shekara 600

Margaret ba ta gaji sunan Thatcher ba. An haife ta a garin Grantham a 1925 da suna Margaret Roberts, 'yar mai kantin kayan masarufi. Ta sami sunan ne a 1951, lokacin da ta auri Denis Thatcher, bisa al'adar Ingila ta mace ta ɗauki sunan mijinta.

A ƙarshen mulkinta ta sauya hanyar tara wa ƙananan hukumomi kuɗi. A maimakon harajin da ake yankewa bisa darajar gida, sai kowane baligi a ƙaramar hukuma ya biya kuɗi daidai da na maƙwabcinsa, attajiri da lebura, in ban da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. An fara shi a Scotland a 1989, sannan Ingila da Wales a 1990. Jama'a suka yi watsi da sunan da gwamnati ta raɗa masa, suka kira shi harajin kai, sunan da ke tuna musu 1381.

Mutane da yawa suka ƙi biya. Ranar 31 ga Maris 1990, zanga-zanga a dandalin Trafalgar ta rikiɗe ta zama tarzoma. Wannan haraji, haɗe da saɓani kan dangantaka da Turai, ya sa 'yan jam'iyyarta ta Conservative suka juya mata baya, ta yi murabus a Nuwamban shekarar. John Major da ya gaje ta ya soke shi, aka maye gurbinsa da wani tsari a 1993.

Sana'ar baibaya ba ta mutu ba a Ingila, sai dai ta juya. Rufin da a da alamar talauci ne yanzu yana da tsada, kuma galibi masu hali ne ke zama a ƙarƙashinsa. Sunan kuwa ya haifi wata kalma ta siyasa, Thatcherism, aƙidar sayar da kamfanonin gwamnati da rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago, wadda har yau ake jayayya a kanta a ciki da wajen Birtaniya.