Katafilar Haƙa a Ƙasar Daura da Yadda Ake Gane Cutarta

Rijiyar Kusugu, wadda tarihin baka ya ce a cikinta Bayajida ya kashe macijin da ya hana mutanen Daura ɗebo ruwa sai ran Juma'a, da hannu aka haƙa ta, kamar sauran rijiyoyin dā. Manyan ayyukan haƙa na zamani kuwa sun koma hannun na'ura, musamman tun da aka soma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, wadda ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina. Hausawa na kiran irin wannan na'ura katafila, daga sunan kamfanin Caterpillar da aka kafa a Amurka a 1925, ko da wani kamfani ne dabam ya ƙera ta.

Ƙarfin katafilar haƙa a mai yake. Injin dizal ne ke juya famfo, famfon ya tunkuɗa mai da matsanancin ƙarfi ta cikin tiyo zuwa silinda, sa'an nan hannunta ya miƙe, bokitin ya ci ƙasa. Ratar da ke tsakanin ƙarafan famfon ba ta kai kaurin gashi ba, saboda haka ɗan rairayin da ya shiga man ya isa ya cinye su a hankali. Ƙasar Daura kuwa jigawa ce, ga kuma ƙurar hunturu. Domin haka direban kirki kan goge bakin tanki kafin ya buɗe, ya ɗura giris a gaɓoɓin hannu kafin fara aiki, har sabon giris ya turo tsohon waje tare da ƙasar da ya kwasa. Akwai al'adar buga matatar iska a jikin dutse don a kakkaɓe ta. Wannan ɓarna ce: takardar ciki takan tsage ba a gani ba, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji.

Ba da mil ake lissafin lokacin juyen baƙin mai ba, sai da awoyin aiki, gama tana iya yini cur a wuri ɗaya.

In ciwo ya zo, makanike kan fara duban hayaƙi. Baƙin hayaƙi alama ce iska ta yi kaɗan ko nozul ya lalace. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai. Fari kuwa, in bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ana zargin ruwa. In hannu na saukowa da kansa alhali ba a taɓa komai ba, galibi robar cikin silinda ce ta ci, ko wani bawul na zuba. In ƙarfi na raguwa da tsakar rana, sai a duba lagireto da abin sanyaya mai, watakila ƙura ta toshe su, mai ya yi zafi ya tsinke.

Wurin neman yoyo ne hatsari ya fi yawa. Man da ke fita ta ƙaramar ɓula yana iya huda fata ya shiga nama, har a rasa yatsa. Da guntun kwali ake lalube, ba da tafin hannu ba. Kafin a kwance tiyo kuma, sai an ajiye bokiti a ƙasa, an kashe inji, an saki matsin da ya rage a ciki.