Tsaron Shafin Intanet: Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

A ranar 28 ga Maris, 2015, jama'a na kan layin zaɓen shugaban ƙasa, masu kutse suka afka wa shafin intanet na hukumar zaɓe ta INEC, suka sauya fuskarsa na ɗan lokaci kafin a ƙwato shi. To, idan har wannan ta iya faruwa ga hukumar da ke da injiniyoyi da kasafin kuɗi, ina ga makarantar kuɗi, ko ƙungiyar sa-kai, ko ɗan kasuwar da ya biya wani matashi ya haɗa masa shafi, daga nan bai sake waiwayarsa ba? Irin waɗannan su ne nake son mu yi magana da su a yau.

Da yawa daga cikinsu kan ce, "Wa ya san da ni, balle ya ɓata lokacinsa a kaina?" Wannan tunani ya saɓa wa yadda kutse ke gudana. Mafi yawan hare-haren manhajoji ne ke kai su, suna zagaya intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, wadda suka tarar a buɗe su faɗa. Ƙaramin shafi ma yana da amfani a wurinsu: da shi za su aika wasiƙun damfara, ko su dasa shafin banki na bogi, ko su kwashe sunaye da lambobin wayar waɗanda suka yi rajista.

Tsagar farko a bango ita ce ƙin sabunta manhaja. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wata ɓaraka a manhajar Apache Struts. Kamfanin Equifax na Amurka bai sanya gyaran a kan lokaci ba, ta nan aka shiga aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147, kuma a 2019 ya amince da biyan diyya da tarar da za ta iya kai dala miliyan 700. A watan Mayun 2017 kuma ƙwayar WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya, alhali Microsoft ya fitar da maganin tun watanni biyu kafin nan. Darasin a fili yake: duk ranar da aka sanar da gyara, ranar ce kuma ɓarayi suka san inda ramin yake. Masu amfani da WordPress, wadda ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, su lura cewa galibin ɓarakar tana fitowa ne daga ƙananan manhajojin da ake liƙa wa shafi don ƙara masa aiki. Wadda ba a amfani da ita a cire ta, wadda masu ita suka daina kula da ita a sauya ta, wadda kuma aka samo ta satar fasaha a guje ta, domin sau da yawa da guba a cikinta take zuwa.

Tsaga ta biyu ita ce kalmar sirri. A 2009 aka sace kalmomin sirri miliyan 32 daga kamfanin RockYou, kuma wadda ta fi yawa a cikinsu ita ce 123456. Har yau masu kutse na amfani da wannan jeri wajen gwada ƙofofi. Sunan ɗa, shekarar haihuwa da lambar waya duk abubuwa ne da maƙwabci ma zai iya hasashe. Abin da ke ƙarfafa kalmar sirri shi ne tsawonta da rashin alaƙa tsakanin sassanta. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su saba zama wuri guda ba sun fi gajeriyar kalma mai ado da alamomi ƙarfi, sun kuma fi sauƙin riƙewa. Amma kada a ɗauki karin magana ko sanannen kirari, domin abin da kowa ya haddace ba sirri ba ne. Kada kuma makulli ɗaya ya buɗe imel da shafi da asusun banki.

Bayan wannan sai a ƙara makulli na biyu, wato lambar da waya ke bayarwa duk lokacin shiga. A 2021 aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ta wani tsohon asusu da ba shi da wannan kariya. Aka yi ƙarancin mai a gabashin Amurka, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Don haka duk ma'aikacin da ya bar aiki, ko wanda ya haɗa shafin ya gama kwangilarsa, a rufe asusunsa a ranar. A kuma tabbatar sunan shafin da asusun masaukinsa suna hannun mai shi.

Duk da haka, babu katangar da ba a haurawa, shi ya sa ajiye kwafi ya zama dole. A riƙa kwafe shafin a kai a kai, a ajiye a wani wuri dabam da inda yake zaune, a kuma gwada dawo da shi lokaci-lokaci, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Daga ƙarshe, mai karatu, lamarin ya wuce na fasaha, ya shiga babin amana. Sakamakon jarrabawar ɗalibai, lambobin iyayensu da adireshin abokan ciniki ba mallakin mai shafi ba ne, ajiya aka ba shi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Wanda ba zai iya ware sa'a guda a mako ya duba shafinsa ba, ya ɗauki wanda zai yi masa, ko ya rage abin da yake karɓa daga hannun jama'a. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.