Gidan Zane-zane na Birnin London

A tsakiyar birnin London, a ƙasar Ingila, akwai wani babban gida da a ke kira National Gallery. Ba a ajiye kome a ciki sai zane-zane, watau hotunan da gwanaye suka yi da hannu, da fenti. An kafa shi a shekarar 1824. Zane-zanen da ke ciki sun fi 2,300, kuma shiga kyauta ne.

To, me ke kai mutane can? Ga misali biyu.

Akwai hoton wani ingarman doki, wanda George Stubbs ya zana wajen shekarar 1762. Tsawon hoton ya kusa ƙafa 10. Dokin ya ɗaga ƙafafunsa na gaba, ya juyo da kai, ba sirdi, ba linzami, ba mahayi. Wanda ya san doki, in ya tsaya gabansa, sai ya ji kamar ya ja da baya, don kada ya ture shi.

Akwai kuma hoton wani tsohon jirgin ruwa na yaƙi, aikin Turner. Jirgin nan ya yi suna a yaƙin Trafalgar, a 1805. A 1838 aka ja shi cikin kogin Thames, don a farfasa shi. A hoton rana tana faɗuwa, wani ɗan baƙin jirgi mai hayaƙi yana jan babban. Dattijo in ya dube shi, ya kan tuna da ƙarfinsa na da. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

A 1939, don tsoron bom, aka kwashe zane-zanen nan duka, daga baya aka ɓoye su cikin kogon dutse a ƙasar Wales. Bangayen gidan suka zama wayam. Mutane suka yi ta roƙo, har a 1942 aka fara kawo zane guda ɗaya kowane wata. Jama'a suka riƙa tururuwa don su ga guda ɗayan nan.

Saboda haka in ka sami zane, kada ka yi masa duban gaggawa. Tsaya daga nesa, sa'an nan ka matso. Duba inda haske ya faɗa. Ka tambayi zuciyarka abin da ta ji, kafin ka tambayi wani.