Taurin Bashi a Sana'o'in Hausawa da Hanyoyin Magance Shi

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai bashin da ya fi ci wa masu sana'a tuwo a ƙwarya shi ne na ladan aiki, wato a sa mutum aiki ya kammala, sannan biya ya gagara. A wannan babi za a dubi yanayin irin wannan bashi, da dalilan da ke haddasa shi, da matakan da mai sana'a kan bi don ya karɓi haƙƙinsa.

2.0 Yanayin Bashin Ladan Aiki

Bashin ladan aiki ya bambanta da bashin haja. Wanda ya sayar da buhun gero bashi yana iya zuwa ya ɗauko abinsa idan ba a taɓa shi ba. Amma wanzamin da ya yi aski, ko maginin da ya ɗora ɗaki, ko malamin da ya koyar da yara darasi a gida, ba su da halin janye aikinsu. Bugu da ƙari, mai sana'a kan zuba jarinsa a cikin aikin. Marini ya sayi baba, tela ya sayi zare, maƙeri ya sayi gawayi da ƙarfe. Idan aka hana shi kuɗinsa, guminsa da uwar kuɗinsa ne suka salwanta tare.

3.0 Dalilan Rashin Biya

Ana iya kasa masu ƙin biya gida uku. Na farko shi ne wanda babu ta kama, yana son biya amma ba shi da hali. Na biyu shi ne mai ƙorafi a kan aikin, ko a kan farashin da ba a yanke ba tun farko. Na uku shi ne mai taurin bashi, wanda yake da hali amma ya mai da “je ka dawo” ɗabi'a. Kunya ma tana da nata rabo, domin sau da yawa Bahaushe yakan ji nauyin yanke wa ɗan'uwa ko suruki farashi, sai ya ce a ba da abin da ya sawwaƙa. Daga nan saɓani yakan samo asali. Sanin rukunin da mutum ya faɗa shi ke nuna matakin da ya dace da shi.

4.0 Hanyoyin Gargajiya

A ƙauyuka, wanzamin gida da maƙeri sukan yi wa magidanci aiki tsawon shekara, a sallame su da damman hatsi da kaka. Da yake kowa ya san kowa, wanda ya ƙi biya sunansa ne zai ɓaci, kuma zai rasa mai yi masa aiki baɗi.

Da ciniki ya faɗaɗa a birane, sai aka ƙara dogara da wasu dabaru. Akwai kafin alƙalami, wato wani kaso na kuɗin da ake bayarwa kafin a soma aiki. Akwai riƙe kaya, kamar yadda tela kan riƙe riga har a cika masa kuɗinsa. Akwai jingina, akwai kuma lamuni, inda wani mai mutunci zai tsaya wa mai sa aiki.

Idan duk da haka biya ya faskara, akan fara da tuni cikin lalama, sannan a aika dattijo ko aminin wanda ake bi. In abin ya ci tura, sai a kai ga shugaban sana'a, kamar sarkin maƙera ko sarkin aska ko sarkin kasuwa. Daga nan sai mai unguwa da dagaci, kafin a dangana da alƙali. Manufar wannan tsani ita ce a karɓi haƙƙi ba tare da an yanke zumunci ba.

Musulunci ya ƙarfafa wannan tsari. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Aya ta 280 kuma ta nemi a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Haka nan hadisi ya ɗauki jan ƙafar mawadaci wajen biya a matsayin zalunci.

5.0 Hanyoyin Zamani

A yau ya kamata mai sana'a ya rubuta yarjejeniya mai nuna irin aikin da farashinsa da ranar biya, ya kuma riƙa ba da rasit. Saƙon waya da shaidar tura kuɗi ta banki suna iya zama hujja. Idan wa'adi ya wuce, sai ya aika takardar neman biya mai ɗauke da adadin kuɗin da sabon wa'adi. Wanda ba shi da hali, a tsara masa biya kaɗan-kaɗan. Mai ƙorafi kuwa, a zauna da shi a gyara aikin ko a daidaita farashi.

Matakin ƙarshe shi ne kotu. Jihar Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi sahu a 2019, don a riƙa yanke irin wannan shari'a cikin hanzari, ko da babu lauya. Ya dace a lura cewa karɓo bashi ba aikin 'yan sanda ba ne, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Jinkiri ma yana da illa, tunda dokokin jihohi sun ƙayyade shekarun da za a iya shigar da ƙara a cikinsu.

6.0 Kammalawa

An ga cewa mafi yawan rigimar bashi tana tasowa ne daga rashin fayyace magana tun farko. Haƙƙi kuma ta fuska biyu yake, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai sana'ar da ya karɓi kafin alƙalami ya ƙi cika alkawari, shi ma bashi ya ci.

7.0 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin bashin haja da bashin ladan aiki.
2. Kawo matakan da akan bi a gargajiyance kafin a kai ƙara gaban alƙali.
3. Tattaro karin magana biyar a kan bashi daga yankinka, ka bayyana ma'anarsu.