Wa ke tsaron ƙofa a Mastodon?

Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022, jama'a da dama sun yi ƙaura zuwa Mastodon, manhajar da Eugen Rochko ya fitar a Jamus a 2016. Abin da ya ja su shi ne babu kamfani guda da ke riƙe da akalarta. Dubban sabobi ne, wato kwamfutocin da ke ɗauke da asusun masu amfani, masu cin gashin kansu, kowace da mai kula da ita da dokokinta, suna musayar saƙonni bisa ƙa'idar ActivityPub, wadda ƙungiyar W3C ta amince da ita a 2018.

Musayar ba ta game kowa ba. Sai wani a sabarku ya bi mutumin wata saba kafin a fara turo muku kwafin abin da yake wallafawa. Wanda ba a bi ba, ba a kuma sake yaɗa saƙonsa ba, galibi ba ya isowa. Shi ya sa a da ɗan ƙaramar saba kan tarar da amsoshi ƙalilan a ƙarƙashin saƙon da ake ta tafka muhawara a kansa. Goge saƙo ma roƙo ne: sabarka ta aika sanarwa, sabar da ba ta ga dama ba kuwa ta ajiye kwafinta.

Tacewa tana hannun mai kula. Yana iya hana hotunan wata saba, ko ɓoye saƙonninta, ko yanke hulɗa da ita kacokan. Wannan makami ya yi aiki a 2019, lokacin da Gab, matattarar masu ƙyamar wasu jinsuna a Amurka, ta koma kan manhajar Mastodon: sabobi da yawa suka toshe ta ba tare da jiran umarnin kowa ba. Da Meta ta fito da Threads a 2023 kuwa, sai kawuna suka rabu, wasu suka yi alwashin toshewa tun kafin a haɗa ta da sauran.

Abin da ke damuna shi ne hukuncin ba ya ware mai laifi. Mutum biyu su ɓata, a datse saba guda, sauran mazaunanta su rasa mabiyansu a can, sau da yawa babu inda za su kai kuka. Masu kulan kuma akasarinsu 'yan sa-kai ne da ke biyan kuɗin saba da gudummawar jama'a, kuma suna gajiya. Ƙorafi kan zagin da aka rubuta da Hausa yana iya faɗawa hannun wanda ko "sannu" bai sani ba.

Ganin haka, sabon shiga yakan zaɓi babbar saba irin mastodon.social, wadda toshe ta ke jawo wa mai toshewar asarar dubban abokan hulɗa. Kullum tana ƙara cika, ƙananan kuwa ba su da ƙarfin hukunta ta idan ta yi sakaci.