Ko Kun Sani?

Kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 haɗin zaren kabon da gam ne da makamantansu. Irin wannan haɗi yana da ƙarfin jure ja, amma rauninsa na bayyana idan aka matse shi ta ɓangarori biyu masu saɓani, kamar yadda almakashi ke yi. Don auna wannan, ana yanko ɗan guntu mai tsawon milimita 76, a yi masa tsaga mai siffar V sama da ƙasa, domin matsin ya bazu daidai a tsakiya. Dabarar Nicolae Iosipescu ce, injiniya ɗan Romaniya, wanda ya ƙirƙiro ta don ƙarafa. Masanan Jami'ar Wyoming a Amurka ne suka gyara ta don irin wannan haɗi bayan 1980, ta zama ma'aunin gwaji mai lamba ASTM D5379.